Jif ɗin Kawu: an ɗaga ta, ta kwanta, aka sauke ta

Daga inda ake sakin kwalta, bayan an wuce Dakace a hanyar Jos, zuwa rumfar gonar Kawu kilomita bakwai ne da 'yan kai. Da rani ɗan acaɓa yana cinye su kafin ka gama ba shi labari ɗaya. Da damina kuwa, musamman daga ƙarshen Yuli zuwa tsakiyar Satumba, lokacin da ruwan Zariya yake kan ganiyarsa, hanyar takan kasu uku, kowane kashi da halinsa. Na farko burji ne, jar marmara mai santsi idan ta jiƙa, amma ba ta haɗiye taya. Na biyu shi ne inda tarakta da motocin ɗaukar rake suka haƙa dogayen ramuka biyu, tsakiya ta yi doro kamar kunyar dankali. Na uku gangaren fadamar Galma ne, baƙar laka mai danƙo, da wani ɗan rafi da ake tsallakawa, wanda da safe iyakarsa idon sawu, da yamma bayan an tafka ruwa ya kai gwiwa.

Kawu ƙanin mahaifiyata ne, ma'aikacin gwamnati da ya yi ritaya ya zuba kuɗin sallamarsa a noman masara da shinkafa. Ni ne direbansa, ni ne kuma mai riƙe littafin gona, saboda haka duk abin da aka yi wa motar nan a gabana aka yi shi, wani kason laifin ma nawa ne. Samari da dama a Samaru da Sabon Gari sun tare ni suna tambaya yadda ake ɗaga ƙaramar jif, shi ya sa na ga gara in rubuta abin da ya faru da tamu daga farko har inda muke yanzu.

Motar da muka saya

Suzuki Samurai ce mai rufin ƙarfe, tsohuwa tukuf, wadda ta daɗe a ajiye a wani gida a Tudun Wada har kaji suka fara ƙwai a ƙarƙashinta. Danginta sun samo asali ne tun 1970, lokacin da kamfanin Suzuki na Japan ya fitar da Jimny ta farko da injin cc 359, wanda da kaɗan ya fi na babur. A 1981 aka fito da SJ410, a 1984 aka bi ta da SJ413 mai injin lita 1.3 da giya biyar, wadda aka sayar a Amurka da wasu ƙasashe da sunan Samurai. A Indiya ma an ƙera 'yar'uwarta da sunan Maruti Gypsy, sojoji da 'yan sandan can suka daɗe suna aiki da ita.

Abin da ya ja hankalin Kawu ba tarihin ba ne, ƙirar ce. Shasi gare ta irin na babbar mota, bodi a ɗore a kai. Aksul ɗinta na gaba da na baya, wato ƙarfen da ke haɗa tayar hagu da ta dama, ƙarfe ne guda, a kan sifirin mai ganye irin na akori-kura, wanda duk makanikin da ya taɓa gyara Fijo 504 ya san kansa. Tana da ƙaramin liba kusa da giya, wanda direbobi ke kira agzilari, mai saka tayoyin gaba su yi ja tare da na baya, kuma idan aka kai shi 4L yana rage gudu ya ƙara ƙarfin ja sosai. Nauyinta bai kai tan ɗaya ba, alhali Hilux tana neman tan biyu. Injin kuwa ƙarfin doki sittin da 'yan kai ne kawai. A riƙe waɗannan biyun, rashin nauyi da ƙarancin ƙarfi, domin duk abin da ya biyo baya a kansu ya rataya.

Mun saye ta da rani, a shekarar da aka cire tallafin mai. Bayan an wanke kafireta, an sauya fulogi da baƙin mai da tiyon lagireto, ta yi ta kai mu gona ba tare da ko tari ba. Da mun bar kaza cikin gashinta har ruwa ya sauka mu ga inda za ta gaza, da wannan rubutu bai yi tsawo haka ba.

Aikin farko

Ni na fara nuna wa Kawu hotuna a Facebook da bidiyo a YouTube: Samurai a Amurka da Ostareliya, an ɗaga su sama, tayoyi kamar na tarakta, suna hawa duwatsun da suka yi kama da na Kufena. Kawu ya gyara tabarau ya ce, "Kai, ɗan nan, wannan ai ko Galma ta cika sai ta wuce." Muka kai ta wani gareji a Sabon Gari, wajen wani matashin makaniki mai hannu ƙwarai, wanda ba ya cewa ba zai iya ba. Ya kalli hoton sau ɗaya ya ce, "Alhaji, wannan ƙaramin aiki ne, sati biyu ku zo ku ɗauka."

Cikin sati uku aka yi mata abubuwa biyar. An cire tayoyinta na asali masu lamba 205/70R15, aka sa na Baljiyam masu inci 31 da faɗin inci goma da rabi, da aka samo daga Ƙofar Ruwa a Kano. Don su samu wurin shiga, mai walda ya yanko ƙarfe mai kauri ya yi sababbin maratayan sifirin, waɗancan ƙarafan da ke lilo a bakin sifirin, ya ƙara musu tsawo da kusan inci huɗu. An buɗe difirensha ta baya, tulun giyoyin nan da ke tsakiyar aksul, aka walde ƙananan giyoyin cikinta, don tayoyin baya biyu su riƙa juyawa tare ko da ɗaya ta rataya a iska. An ƙera bamba ta gaba da bututun ƙarfe mai kauri, wadda mutum biyu suka ɗaga da nishi. Sai kariya a kan rufi, ita ma ta ƙarfe, wai don buhunan taki.

Ranar da muka fito da ita, yara suka bi mu da gudu har kwanar PZ. Gaskiya ta yi kyau. Na ɗauki hoto na sa a waya.

Tun kafin mu kai Kwangila na ji motar ba ita ba ce. Giya ta biyar ta zama ado, da na saka ta sai inji ya fara shaƙewa. Dalilin lissafi ne mai sauƙi da babu wanda ya yi shi a cikinmu. Tsayin tayar asali inci 26 ne da ɗan ɗori. Taya mai inci 31 ta fi ta da kusan kashi 18 cikin ɗari, ma'ana duk juyi ɗaya tana cin ƙasa fiye da da, amma ƙarfin da ke isa ƙasa ya ragu da kusan kashi 15 a kowace giya. Kamar mai keke ne da ya sa sarƙa a babban haƙori yana son hawa tudu. Motar da take da doki ɗari biyu za ta shanye wannan ba ta ji ba, mai doki sittin kuwa sai ta durƙusa. Agogon gudu ma ya koma maƙaryaci: idan ya nuna 80, ainihin gudun ya haura 90. Birki, wanda aka ƙera don ƙaramar taya, ya fara neman a taka shi da ƙafa biyu. Mai kuma ya ƙaru da sha daidai lokacin da kuɗinsa ya ninka kusan sau uku bayan sanarwar 29 ga Mayu, 2023.

Abu na biyu ya fi ban tsoro. Wata rana a hanyar Shika, ina kan matsakaicin gudu, tayar gaba ta faɗa wani ɗan rami, sai sitiyari ya kama karkarwa hagu da dama kamar mai farfaɗiya, gaban motar duka yana girgiza, bai daina ba sai da na kusa tsayawa cak. Kawu ya yi ta salati. Daga baya muka gane asalin abin. Aksul na gaba yana da ɗan kishingiɗe da aka yi shi da gangan, irin wanda ke jikin fok ɗin keke, shi ne ke sa sitiyari ya koma tsakiya da kansa bayan kwana. A Samurai maratayin sifirin na gaba yana can bakin gaba, to da aka ƙara masa tsawo sai ya murɗa aksul ɗin, kishingiɗen ya ragu. Aka haɗa da manyan tayoyi masu nauyi da boris ɗin wuyan aksul da suka riga suka ci, sai karkarwa ta samu gida. Abin takaici, inci huɗun da aka ƙara inci biyu kawai ya ɗaga motar, tunda bakin sifirin ɗaya ne ya sauka, ɗayan yana nan a maƙale da shasi.

Ita kuwa difirenshar da aka walde, aikinta na asali shi ne ta bar tayar waje ta fi ta ciki gudu a kwana. Da aka hana ta, duk kwanar da na sha a kan kwalta sai tayar ciki ta yi ƙara tana gogar ƙasa. A shataletalen Ƙofar Doka mutane har waiwaye suke yi. Matashin makanikin ya ce mu yi haƙuri, a laka za mu ga amfaninta, kuma bai yi ƙarya ba: a watan Yuni da farkon Yuli motar ta ratsa wuraren da Hilux ta maƙwabcinmu ta kafe. Wannan nasarar ce ta rufe mana ido.

Ranar da ta kwanta

Farkon Agusta ne, lokacin zuba yuriya a masara, wato taki na biyu da ake sawa idan shuka ta kai sati biyar zuwa shida. An kwana ana ruwa. Muka ɗauko buhu bakwai, kowanne kilo 50, huɗu a ciki, uku a kan kariya. Da ni da Kawu da yaron gona ɗaya. Idan aka haɗa taki da mutane da bamba da kariya, mun ɗora mata fiye da rabin tan, alhali duk abin da aka ƙera ta ta ɗauka, har da direba, bai wuce kilo ɗari huɗu da wani abu ba. Kilo 150 daga ciki kuma yana can sama da kanmu.

A kashi na biyu na hanyar ne abin ya faru. Tazarar tayoyin Samurai, daga hagu zuwa dama, kusan mita 1.3 ce, ramukan da tarakta da manyan motoci suka haƙa kuwa sun fi haka faɗi. Ba ta iya saka ƙafa biyu a cikinsu. Dole ko dai ka hau doron da taya ɗaya, ɗayar a gefen hanya, ko kuma ɗaya ta faɗa rami ɗaya ta tsaya a kan doro. Na zaɓi na farko, ina tafiya a 4L da giya ta biyu, gudun da mai tafiya a ƙasa zai iya wuce ni. Sai gefen doron ya zabtare. Tayar baya ta dama ta sulale cikin rami, kuma da yake difirensha a walde take, tayar hagu ta ci gaba da turawa a kan tudu maimakon ta yi juyin banza ta bar motar ta tsaya. Na ji buhunan sama sun ja mu. A hankali, kamar raƙumi zai durƙusa, motar ta kwanta a gefen dama.

Babu wanda ya ji ciwo sai ƙujewa a gwiwar hannun Kawu, Allah ya tsare. Muka fito ta tagar hagu ɗaya bayan ɗaya. Buhu biyu sun fashe a cikin ruwan ramin, yuriya kuwa ba ta jira, a gabanmu ta narke kamar gishiri a miya. Kawu ya tsaya yana kallon farin kumfan, hularsa a hannu, bai ce komai ba.

Wani dattijo da ke huɗa a kusa ya kwance shanunsa ya zo. Ya zagaya motar sau ɗaya ya ce, "Alhaji, ai doguwa ce ba ta da gindi." Da igiya da shanu biyu da mutum shida aka tayar da ita. Na kai hannu zan murɗa makulli, sai Allah ya sa na kira matashin makanikin, ya daka mini tsawa a waya in bari. Motar da ta kwanta, baƙin mai yakan gangara ya taru a saman fistin, idan aka tayar da ita haka yana iya lanƙwasa konrod, sandar da ke riƙe fistin, domin mai ba ya matsuwa kamar iska. Muka cire fulogi huɗu, na buga sitata, mai ya yi tsartuwa ta rami biyu, muka goge muka mayar. Ta tashi da hayaƙi fari har ya rufe gonar mutane. A hanyar dawowa, wajen fita daga wani rami da sitiyari a karye har ƙarshe, na ba ta wuta, tayar gaba ta yi juyi ta cafki busasshiyar ƙasa, sai muka ji ƙas. Gwiwar shaf ɗin gaba, ƙarfen da ke kai juyi ga taya, ta fashe. Da tayoyin baya kaɗai muka lallaɓo gida bayan isha'i, kuma duk wanda ya san halin da ƙauyuka suke ciki a shekarun nan ya san dare a daji ba abin wasa ba ne.

Sai bayan haka na karanta cewa tun a 1988 mujallar Consumer Reports ta Amurka ta yanke wa Samurai hukuncin cewa tana saurin kifewa a kwana mai kaifi. Kamfanin Suzuki ya musanta, ya kai ƙara a 1996, aka sasanta a 2004. Ko wane ne mai gaskiya a cikinsu, motar da suka yi jayayya a kanta ba a ɗaga ta ba, ba a ɗora mata buhu uku a ka ba.

Baba ya je ya ga hanya

Motar ta yi sauran damina a ajiye, amalanken shanu ya ƙarasa mana aikin. Da kaka wani abokin Kawu ya haɗa mu da wani tsohon makaniki a Tudun Wada, wanda kowa ke kira Baba. Ya yi ƙuruciyarsa yana gyaran Land Rover a zamanin ayyukan raya noma na Bankin Duniya da aka fara a Funtuwa da Gusau da Gombe a tsakiyar shekarun 1970. Yanzu ido ya yi rauni, yaransa ke riƙe sufana, shi yana zaune a kan benci da carbi.

Bai taɓa motar ba ranar farko. Ya ce, "Alhaji, ku kai ni in ga hanyar tukuna." Muka ɗauke shi a babur. A kashi na biyu ya sauka, ya karyo karan dawa, ya gicciya shi a kan ramukan, ya auna tsayin doron da wani karan, ya karya shi daidai wurin ya sa a aljihu. A bakin rafi ya tambayi wata mata mai tallan nono inda ruwa ke kai mata a watan Agusta, ta nuna gwiwa. Ya ce mu koma.

A gareji ya sa yaro ya shiga ƙarƙashin motar da guntun karan nan. Ya ce a gwada shi da bodi: akwai rata har kamu guda. Ya ce a gwada shi da tulun difirensha: da ƙyar ya wuce. Sai ya juyo gare ni.

"Ɗana, me kuka ɗaga?"

Na ce, "Mota, Baba."

Ya ce, "Ɗaki kuka ɗaga. Abin da ke karo da ƙasa ga shi nan a inda yake."

Wannan ita ce maganar da ban taɓa ji a bidiyo ba, ko kuma na ji ban saurara ba. A mota mai aksul guda, wuri mafi kusa da ƙasa shi ne tulun difirensha, kuma yana tsakanin tayoyi, ba a kan sifirin ba. Ko ka ɗaga bodi ya kai rufin soro, tulun bai motsa ba. Taya kaɗai ke ɗaga shi, ita ma da rabin abin da ta ƙaru. Tayoyinmu masu inci 31 sun ba tulun santimita shida ne kacal. Saboda santimita shidan nan muka ɗaga nauyin motar sama, muka lalata sitiyari, muka kashe giya ta biyar, muka ɗora wa shaf nauyin da ba a ƙera shi dominsa ba.

Kawu ya so ya yi gardama a kan faɗin tayar, wai faɗi ne ke hana nutsewa. Baba ya ce wannan maganar yashi ce da mota mai nauyi. Lakar fadamarmu ba ta da zurfi sosai, akwai tauri a ƙarƙashinta, kuma mota marar nauyi da faffaɗar taya shawagi take yi a saman santsi kamar ƙwarya a ruwa. Siririyar taya mai manyan haƙora ita ke yanka laka ta taɓa ƙasa. Ya ce su a da, duk Land Rover ɗin da suka shiga daji da ita tayarta siririya ce.

Aiki na biyu

Yawancinsa warwara ne. An yanke kariya aka sayar wa masu gwangwan. An cire bambar nan aka sa mai sauƙi, da ƙugiya biyu da aka ɗaure da noti a jikin shasi, ba walda a bamba ba, saboda ƙugiyar da ta fizge lokacin ja tana iya kashe mutum. An dawo da maratayan sifirin tsawonsu na asali, aka sauya robobinsu, aka ƙara ganye ɗaya a kowane sifirin na baya da sababbin shokozoba. An sauya boris ɗin wuyan aksul. An nemo difirensha ta Baljiyam daga Panteka a Kaduna a madadin wadda aka walde, tunda walda ba ta warwaruwa, aka sayo shaf ɗin gaba. Wannan kaɗai ya ci kuɗin da ya kusa na tayoyin farko, garin neman gira mun taɓa ido.

Taya aka sa 235/75R15 mai haƙoran laka, tsayinta kusan inci 29. Ta ɗaga tulun da santimita uku da ɗan ɗori, ta rage ƙarfi da ƙasa da kashi goma, giya ta biyar ta dawo da rai a shimfiɗaɗɗiyar hanya. An ɗan datse leɓen bodi don kada ta goga. A wajen sayen ne Baba ya koya mini duba lambobi huɗun ƙarshe da ke gefen taya bayan rubutun DOT: biyun farko sati ne, biyun ƙarshe shekarar da aka ƙera ta. Da na koma na duba tsofaffin namu masu inci 31, ashe sun haura shekara goma, haƙoransu ne kawai suka yaudare mu.

Aikin da ya fi burge ni shi ne mafi araha. Da aka kwance magudanar man difirensha ta gaba, abin da ya zubo ba mai ba ne, wani abu ne fari-fari kamar kunun gyaɗa. Kowace difirensha tana da ɗan hanci a samanta da take numfashi da shi. Idan ta yi zafi da tafiya sannan aka tsunduma ta cikin rafi, iskar ciki takan tsuke, sai ta zuƙo ruwa ta hancin nan. Duk daminar da ta wuce muna tsallaka rafi muna shayar da giyoyinmu ruwa ba mu sani ba. Baba ya sa aka sayo siririn tiyo irin na mai, aka cusa a hancin kowacce, aka ja shi sama, na gaba har cikin ɗakin inji, aka sa masa ƙaramin filtan babur a baki. Na kawo maganar dogon bututun shaƙar iska da ake ɗorawa a gefen gilashi, ya ce ruwan da ya kai ga buƙatarsa zai ɗauke motar da ba ta kai tan ɗaya ba tun kafin inji ya sha, kuma ranar da rafi ya wuce gwiwa a juya a koma gida. Ya dai sa aka rufe distiributa da roba aka shafe wayoyin fulogi.

An cire kujerar baya gaba ɗaya, aka shimfiɗa katako. Dokar Baba ita ce buhu huɗu, a kwance a ƙasa, a matse su gaba kusa da kujerun direba. Aka ajiye shebur, da katakai biyu masu kauri, da igiya, da famfon taya na ƙafa. Kafin shiga laka in sauka in murɗa makullan da ke cibiyar tayoyin gaba, in rage iskar taya kusan rabi don ta baje ta kama ƙasa, idan na fito kwalta in mayar da iska in cire agzilari. Wannan na ƙarshen Kawu ne ya fi buƙatar jinsa, domin shi yakan saka agzilari tun daga Kongo da zarar ya ga hadari. Motar ba ta da difirensha a tsakiya, to a kan kwalta gaba da baya kokawa suke yi da juna, furofela da giyabos ɗin agzilari ne ke shan wuya.

A abu ɗaya muka saɓa da Baba, har yau kuma ban sauka daga ra'ayina ba. Giyar difirenshar Samurai 3.73 ce, masu irin wannan aiki kuma sukan sa ta gaban Vitara, wadda ta fi ta ƙarfin ja, don a rama abin da babbar taya ta cinye. Na so a yi, ko don hawan gangaren fadama da kaya ba tare da ƙona kuloci ba. Baba ya ce daidaita haƙoran difirensha aiki ne na ma'auni, idonsa ba zai iya ba yanzu, yaransa kuma ba su kai ba, ba zai ɗauki aikin da zai yi kuka bayan wata uku ba. Kawu ya goyi bayansa, ina jin don aljihu ne.

Damina ta biyu

Littafin gona ya nuna mun shiga sau talatin da ɗaya tsakanin Yuni da Oktoba. Mun kafe sau huɗu, duka a wuri guda, bakin fita daga rafi, inda tayar gaba ta hagu da ta baya ta dama ke rataya a lokaci ɗaya su yi ta juyin banza. Nan ne waldaddiyar difirenshar take wucewa ba ta ko tari, kuma duk lokacin da na durƙusa cikin laka ina cusa katako sai na tuna da ita. Sau uku shebur da katako suka fitar da mu cikin kwata ɗin awa. Na huɗun sai da dattijon nan ya sake kwance shanunsa, ya kuma ƙi karɓar komai sai goro. Sau biyu mun iske rafi ya wuce gwiwa muka juya, Kawu yana ta mita har Dakace.

Takin da a da muke son kaiwa a sawu ɗaya yanzu sawu biyu ne, man da ake ƙonawa a sawu na biyun kuma yana cikin lissafi. Sitiyari bai sake karkarwa ba. Man difirensha da aka duba da kaka ya fito baƙi wuluk yadda ya kamata.

Bakin rafin nan dai ya ishe mu. Da ranin nan Kawu ya yi magana da mai unguwa da manoma biyar da ke bin hanyar, aka yi karo-karo, an zuba tifa biyu ta dutse a wurin, ana jiran ta uku. Tayoyin nan masu inci 31 kuwa matashin makanikin ya karɓe su, ya ce akwai wani ɗalibi a Samaru da ya sayi Vitara yana nemansu. Na ba shi lambata ya ba yaron, har yanzu bai kira ba.